Dusuman, Ƙauyen Bakin Hanyar Gabas

Duk wanda ya fita daga Yerwa, watau Maiduguri, ta fuskar gabas, ya bi ta wajen Kwastam da kasuwar Gamboru, ya bar tashar Muna a bayansa, ya miƙe kan titin da ya nufi Mafa da Dikwa har Gamborun Ngala, ba zai yi wata doguwar tafiya ba sai ya iske Dusuman. Kuma in ba wani ya yi masa nuni ba, ba mamaki ya wuce bai san ya wuce gari ba, domin babu ganuwa, babu hasumiya irin ta Gobarau, babu dutse irin na Dala da za a hango daga nesa a ce an iso. Abin da ido zai gani shi ne gidajen ƙasa da na zana sun cakuɗa da na bulo, da masallatai, da inuwar dogon yaro, sa'an nan sarari shimfiɗaɗɗe wanda ba shi da tudu ko kwari sai ɗan abin da ba a rasa ba. A takardun hukuma kuwa Dusuman mazaɓa ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Jere, wadda aka yanke daga Maiduguri a shekarar 1996, aka sa hedkwatarta a Khaddamari.

Mutanen Faransa suna da wata ɗabi'a game da ƙauyukansu wadda ta cancanci a ambata. Ƙasarsu ta kasu gunduma-gunduma wajen dubu talatin da biyar, mafi yawansu ƙanana ne ƙwarai, amma da wuya a sami wadda ba ta da ofishin magajin gari inda ake ajiye littafin haihuwa da aure da mutuwa, da tsohuwar majami'a wadda aka san ƙarnin da aka gina ta, da kuma wani dutse a tsakiyar dandali wanda aka sassaƙa sunayen 'ya'yan garin da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918. Saboda haka wanda ya so rubuta tarihin ƙauyen Faransa, duwatsu da takardu sun riga sun yi masa rabin aiki. Mu kuwa a wannan nahiya ginin ƙasa muke yi, damina tana cin rabonta kowace shekara, kabari kuma ba a ɗaukaka shi bisa ga abin da malamanmu suka karantar. Don haka mai neman alamomin gari irin Dusuman dole ya neme su a cikin ƙasar da garin yake zaune a kai, da ruwan da ke zuwa masa, da hanyar da ta ratsa shi.

Ita ƙasar, masana sun tabbatar da cewa gindin tafki ce. A zamanin da ya shuɗe, shekaru dubbai kafin a san sunan Kanem ko Barno, Tafkin Chadi ya kasance wani bahar ne mai faɗin gaske, gaɓarsa ta yamma kuwa ita ce doguwar tudun yashin nan da ta taso daga wajen Bama, ta ratsa Maiduguri, ta miƙe arewa maso yamma. A kan wannan tudu aka kafa Yerwa, Dusuman kuwa da maƙwabtanta suna gangare, watau a inda dā ruwa ne tsundum. Wanda ya yi shakkar wannan magana, sai ya tuna da kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya tono a ƙasar Yobe a 1987 yana haƙar rijiya, wanda aka ƙiyasta shekarunsa wajen dubu takwas. Ruwan ya janye ya bar yashi a wani wuri, ya bar laka a wani wuri, kuma tun daga ran nan arzikin kowane ƙauye na wannan yanki ya rataya ga wanne ne daga cikin biyun ya faɗo a rabonsa. Can gabas, wajen Dikwa da Ngala da Marte, baƙar lakar nan ce da Barebari ke kira firgi, wadda ke tsattsagewa da rani har ƙafar jaki ta shige, inda ake dashen masakwa bayan ɗaukewar ruwan sama: manomi ya soka wani ƙaton sanda mai tsini a ƙasa, na bayansa ya zuba ɗan ruwa a ramin ya sa dashe, shi ke nan, dawar ta rayu da laimar ƙasa har a girbe ta cikin sanyi ba tare da ta ga ko ɗigon ruwan sama ba.

Rabon mutanen Jere kuwa kogin Ngadda ne. Wannan kogi ba shi da girman Kwara ko Binuwai, kuma mafi yawan shekara yashi ne yara ke wasa a cikinsa. Amma idan damina ta yi nisa, ruwan da ke gangarowa daga duwatsun kudu ya taru a fadamun Sambisa, sai ya biyo ta Alau, ya keta tudun yashin nan a tsakiyar Maiduguri, ya fito gabas. Daga nan ba ya kaiwa ga Tafkin Chadi, sai ya bazu cikin wani faffaɗan kwari mai kama da kasko, ya kwanta, ya yi ta tsotsewa a hankali. Wannan kwari shi ne fadamar Jere, ita ce kuma rumbun shinkafar Yerwa. Ga al'adar dā, manomi yakan yi shuka da ruwan sama, ambaliya ta zo ta tarar da shinkafa ta tasa, ta raine ta, ta kawo mata sabuwar laka, ta bar kifi a cikin kududdufai. Idan ta janye kuma makiyayan Shuwa su sauko da shanunsu su ci harawa su bar taki. Wanda ya taɓa shiga fadamar cikin watan girbi ya san abin da nake nufi: masu yanka sun sunkuya da lauje a jere tun hantsi bai yi ba, wasu suna ɗaure dammuna, wasu suna bugun shinkafa a jikin ganga a kan shimfiɗar buhuna, mata suna sheƙa, ƙaiƙayi ya cika wuya da ido, da yamma kuma a Zabarmari hayaƙin gumi ya turnuƙe, an jiƙa shanshera an turara ta a manyan tukwane an baza ta a rana kafin a kai inji. Da yawa daga cikin masu wannan aiki Hausawa ne, wasu an haife su a nan, wasu 'yan ci-rani ne daga ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara, waɗanda shinkafa ta saba da hannunsu tun daga fadamun Rima.

Albarkar wannan yanki ba sabon labari ba ce. Lokacin da Bajamushen nan Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya taso daga Kukawa zuwa Adamawa a 1851, ya ratsa ƙasar Uje, watau lardin da Maiduguri take a ciki, ya kuma lissafa ta cikin mafi ni'imar ƙasashen Barno saboda yawan ƙauyuka da gonaki. Sai dai a wancan zamani gefe ce, domin gadon sarauta yana can arewa: da farko a Birnin Ngazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na goma sha biyar, ya kuma faɗi a 1808, daga baya a Kukawa, wadda Shehu Muhammadul Amin Alkanemi ya gina a 1814. Abin da ya juyo da al'amari kudu shi ne zuwan Rabe, wanda ya rushe Kukawa a 1893 ya mai da Dikwa mazauninsa, ya gina gidan nan nasa mai kauri wanda har yanzu yana tsaye. Shekara bakwai ya yi yana mulki da bulala da haraji, sa'an nan rundunonin Faransa uku, ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango, ɗaya kuma ragowar wadda ta ƙone Birnin Ƙonni a 1899, suka haɗu suka yaƙe shi a Kusiri ranar 22 ga Afrilu, 1900. A ranar aka kashe Rabe, a ranar kuma kwamandan Faransawa, Lami, ya mutu. Shi Lamin nan ɗan wani ƙaramin gari ne da ke kan tudu a kudancin Faransa, kusa da Bahar Rum, ana ce da shi Mujan, kuma har gobe dandalin garin yana ɗauke da sunansa, alhali birnin da aka sa wa sunansa a bakin kogin Shari, wanda tsofaffinmu ke kira Fallomi, tun 1973 ya koma Injamena. Talakawan Uje da na Dikwa da aka kwashe wa hatsi da 'ya'ya a waɗannan shekaru, babu dandalin da ya riƙe sunan ko ɗaya daga cikinsu.

Da ƙura ta lafa, Ingilishi da Jamus da Faransa suka raba Barno a tsakaninsu, Dikwa ta faɗa hannun Jamus, Shehu Abubakar Garbai kuwa ya dawo ɓangaren Ingilishi, har a 1907 ya sauka a Yerwa. Tun daga wannan shekara ƙauyukan Jere suka wayi gari a bakin ƙofar babban birni, kuma duk abin da ya same su bayan haka, na alheri da na sharri, ta wannan maƙwabtaka ya zo.

Hanyar da ta ratsa Dusuman ita ce abin da ya fi shafar Bahaushe a cikin wannan labari, domin hanyar gabas ce, gabas kuwa a bakin kakanninmu tana nufin abu biyu, karatu da hajji. Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, mai niyyar sauke farali daga Kano ko Katsina ko Damagaram yakan sallami iyali sallamar wanda bai tabbata zai dawo ba, ya biya bashi, ya nemi gafara, ya kama hanya a ƙasa ko a kan jaki, daga baya a bayan babbar mota. Ya sauka Yerwa, ya wuce Dikwa, ya ƙetare zuwa Fallomi, sa'an nan Abeshe da Jinena da Al-Ubayyid, har ya kai bakin Bahar Maliya ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, domin guzuri yakan ƙare, sai mutum ya tsaya ya yi noma ko ɗinki ko yankan farce ya tara na gaba. Da yawa kuwa ba su kai ba, ba su kuma dawo ba, zuriyarsu ce ta cika unguwannin Hausawa na Chadi da Sudan. Ƙauyen da ke zangon farko bayan birni ya san irin waɗannan baƙi: a ba su ruwa, a nuna musu masallaci su kwana, da asuba su yi gaba. Ba sai an rubuta a littafi ba, ana ganin sawun wannan zirga-zirga a cikin cakuɗar mutanen yankin, inda Babarbare da Bashuwa da Bahaushe da Bafulatani suke sallah sahu ɗaya, a yi ciniki da Hausa, a gai da Bulama da Barbarci.

Almajirai kuwa nan ne maƙurarsu. Barno ta shahara da Alƙur'ani tun zamanin sarakunan Saifawa, har ya zama gardin da bai je gabas ba ana ganin da sauransa, kome ƙarfin tilawarsa. Alarammomi sukan fi son ƙauyukan gefen gari bisa ga cikin birni, saboda a nan ne ake samun gonar da almajirai za su noma da damina, da itacen da za a hura wutar karatun dare, da kuma nisa daga hayaniyar kasuwa. Wanda ya kwana kusa da tsangaya ba ya mance ta: tun kafin assalatu an tashi yara, an kewaye wuta, kowa ya rungumi allonsa yana ɗaga murya da nasa karatu, ƙolo da tittibiri da gardi, har sautin ya haɗu ya zama guda, can gefe kuma wani mai satu ya tanƙwashe ƙafa, ga tawada ga alƙalamin kara, yana rubuta aya da hannun Barnawi mai kauri bisa ruwayar Warshu. Na sani a yau ana yawan sukar wannan tsari, kuma wani sashe na sukar gaskiya ne, musamman inda aka raba shi da gona aka bar yaro da kwano a bakin titi. Amma wanda zai yi hukunci a kansa ya kamata ya san yadda yake sa'ad da yake tsaye da ƙafafunsa.

Zamani ya ci gaba da sauri. Jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka kafa jami'a a 1975, aka yi Jihar Barno a 1976. Alhazai suka koma filin jirgi, hanyar gabas ta zama ta manyan motoci masu kai kayan masarufi Kamaru da Chadi su dawo da shanu da bandar kifi. Birni ya yi ta kumbura, ƙishirwarsa tana ƙaruwa, ga fari ya auko a shekarun 1970 da 1980 har Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita wajen dubu ashirin da biyar a farkon shekarun 1960, ya tsuke ya koma ɗan kaɗan daga cikin haka. Maganin da hukuma ta gani shi ne ta datse Ngadda a Alau, aka kuwa gama madatsar a 1986. Babu mai musun cewa birni yana bukatar ruwan sha, kuma masu lambu a bakin Alau sun amfana. Amma kogi ɗaya ne, abin da aka tsare a sama an rage shi ne daga rabon na ƙasa. Ambaliyar da dā take zuwa da lokacinta ta koma sai yadda aka buɗe ƙofa, gonakin da ke gefen fadama suka daina ganin ruwa, masu hali suka haƙa rijiyar burtsatse suka sayi injin ban-ruwa, marasa hali suka koma ƙwadago a gonar masu hali. A ganina wannan canji ya fi kowane girma a tarihin noman Jere, sai dai da yake a hankali ya zo, ba da ƙarar bindiga ba, ba a cika ambatonsa ba.

Na bindigar kuwa kowa ya san shi. Fitinar da ta tashi a Maiduguri cikin Yulin 2009 ta koma daji, ta yi sansani a Sambisa, dajin da ruwan shinkafar Jere ke fitowa daga cikinsa. Zuwa 2014 ta cinye Gamborun Ngala da Dikwa da Bama, hanyar gabas ta mutu. Sai tafiyar ta juya. Titin da ya yi shekara da shekaru yana kai mutane gabas da niyyar ibada ko fatauci, shi ne ya riƙa kawo su yamma a ƙasa, mata da goyo, tsofaffi a cikin baro, daga Mafa da Dikwa da Marte da Kala Balge, ba su tsaya ba sai inda suka ga soja. Inda suka tsaya ɗin shi ne wannan yanki. Filin da ke wajen Muna ya zama ɗaya daga cikin manyan sansanonin 'yan gudun hijira, bukkokin kara da leda sun haɗe da juna har gobara ta zama baƙuwar kowane rani, wasu kuma suka raɓu a gidajen mutanen ƙauyuka, waɗanda suka karɓe su ba tare da an yi musu alkawarin kome ba. An haƙa rami an kewaye birni, aka sa shinge, aka ƙayyade lokacin fita da na dawowa, da nisan da manomi ko mai itace zai iya kaiwa. Samarin gari suka ɗauki gora da adda suna taya soja tsaro. Mutumin da kakansa ya yi noma ba tare da ya nemi iznin kowa ba sai na Lawani, ya koma yana tsayawa a layi da fartanya a kafaɗa yana jiran a buɗe hanya.

Yunwa kuwa ba ta san shinge ba. Mutane suka riƙa matsawa cikin fadama, gona bayan gona, har inda babu mai kare su. Ranar Asabar, 28 ga Nuwamba, 2020, ana tsakar girbi, 'yan bindiga suka ritsa masu yankan shinkafa a gonakin Koshebe suka yi musu yankan rago. Washegari aka yi jana'izar mutum arba'in da uku a Zabarmari, Gwamna Babagana Umara Zulum yana cikin masu sallah, daga baya kuma aka ci gaba da samo wasu gawawwaki. Da yawansu 'yan ci-rani ne da suka ratso ƙasar Hausa gaba ɗaya don neman abin da za su koma da shi gida. Allah Ya jiƙansu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da shekara ta kewayo an sake shiga fadamar; wanda bai san talauci ba zai ce ganganci ne, wanda ya san shi ba zai ce kome ba.

Sa'an nan ruwan da aka tsare ya zo gaba ɗaya. An taɓa ganin irinsa a 1994, amma na daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumba, 2024, ya fi shi nesa ba kusa ba: madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya buɗe gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya raba mutane dubu ɗaruruwa da muhallinsu. Hotunan da duniya ta gani na cikin birni ne, amma ruwan Ngadda ba shi da wata mafita sai Jere, can ya tafi ya kwanta a kan shinkafar da ta kusa fitar da kai, da bukkokin waɗanda suka riga suka yi hijira sau ɗaya.

A yau motoci sun koma bin hanyar Dikwa, ko da yake direba yana duban rana kafin ya tashi. Gwamnatin jiha, wadda ta fara rufe sansanonin Maiduguri tun 2021, ta kai ga na Muna, an mai da wasu garuruwansu, wasu kuwa sun ƙi komawa, domin yaran da aka haifa a bukka sun girma ba su san wani gari ba sai wannan. Su ne ke sayen ɗan fili a gefen ƙauye, su kafa zana, shekara ta kewayo su sa bulo. Dillalan filaye kuma suna auna gonakin gero suna kafa turaku, har ya zama da wuya a nuna inda Maiduguri ta ƙare Dusuman ta fara. Gwamnatin Tarayya ta ɗauki aikin sake gina madatsar Alau a 2025. Mutanen birni suna tambaya ko sabon ginin zai riƙe, manoman fadama kuwa tambayarsu dabam ce, wadda suke yi tun 1986: idan an gama, wane wata za a buɗe ƙofa, ruwa nawa za a saki, kuma wa za a tuntuɓa kafin a yanke wannan shawara.